Kilasikal, Rok da Furog: Tambayoyi da Amsoshi ga Mai Neman Abin da Kunnensa Zai So

Mutum biyu za su zauna gaban sifika ɗaya, ɗaya tsigar jikinsa na tashi, ɗaya kuwa Allah-Allah yake a kashe. Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Sai dai yawancin masu cewa ba sa son ɗaya daga cikin waɗannan kaɗe-kaɗe uku ba su taɓa jin sa yadda ya kamata ba: ko sun shiga ta ƙofar da ba ta dace ba, ko na'urar da suka ji shi da ita ta cinye rabinsa.

Mene ne ainihin bambancin ukun?

Kilasikal kiɗa ne rubutacce. Mai tsarawa yana rubuta kowane sauti a takarda, wasu kuma su kaɗa, ko da shekara ɗari uku bayan rasuwarsa. Ya tashi ne a Turai, a majami'u da fadojin sarakuna, daga baya ya koma manyan zauruka. Cikakkiyar okestira, wato taron makaɗansa, ta kan kai mutum 80 zuwa 100, gida huɗu: masu goge, masu busa sarewa da danginta, masu ƙahonin tagulla, da masu ganguna.

Rok ya fito daga Amurka a shekarun 1950, tushensa kiɗan bulus na baƙaƙen fata. Mutum huɗu ko biyar sun isa: mawaƙi, jitar lantarki, jitar bes, da ganguna. A nan faifan da aka naɗa shi ne aikin, ba takarda ba.

Furog, wato rok ɗin da ake kira furogiresif, ya kunno kai a Ingila ƙarshen shekarun 1960. Kayan kiɗan na rok ne, ginin kuwa an aro shi daga kilasikal da jaz: doguwar waƙa mai sassa, ƙidaya mai sauyawa, jigo mai tafiya ya dawo. Da yawa suna ɗaukar faifan farko na ƙungiyar King Crimson, na Oktoban 1969, a matsayin mafarinsa.

Na saba da waƙar da ake faɗin magana. Idan babu murya, me zan saurara?

Wannan ita ce babbar katanga. Kunnen da ya tashi da Shata ko Ɗanƙwairo kalma yake bi, kiɗa kuwa rakiya yake yi mata. Ko kalangu ma magana yake yi. To idan aka kunna simfoni, wato dogon kiɗan okestira mai kashi-kashi, kunne sai ya yi ta jiran mawaƙin da ba zai zo ba, har mutum ya ƙosa.

Abin da ake bi a kilasikal shi ne jigo: ɗan gajeren sauti da za ka iya rerawa da baki. Ɗauki kashi na farko na simfoni ta 5 ta Beethoven, wadda aka fara kaɗawa a birnin Vienna na Ostiriya a Disambar 1808. Tsawonsa wajen minti bakwai ne. Yana buɗewa da sauti huɗu, uku gajeru ɗaya dogo. Riƙe su a ka. Za ka ji masu goge suna miƙa wa junansu su. Can sai ƙaho ya yi kira, wani jigo mai taushi ya shigo. Amma ka kasa kunne ƙasa-ƙasa, manyan goge suna nan suna maimaita sautin nan huɗu a ƙarƙashinsa. Wannan shi ne gabatarwa, kuma yawanci akan maimaita ta daga farko. Sai tsakiya, inda ake daddatsa jigon, a juya shi, a rage shi har ya koma sauti biyu, sannan ɗaya. Daga nan komai ya dawo kamar farko, illa wuri guda: okestira duka ta yi tsit, sarewar obo ita kaɗai ta yi ɗan kuka na 'yan daƙiƙoƙi. Wanda bai riƙe yadda aka fara ba, ba zai san an yi wani abin mamaki a nan ba. Daɗin kiɗan yana cikin tuna abin da ya wuce da gane shi idan ya dawo da sabuwar riga.

Idan wannan ya yi nauyi, gwada Boléro na Ravel, na 1928. Ƙaramar ganga tana buga abu ɗaya tun daga farko har ƙarshe, wajen minti 15, jigon kiɗan ma bai wuce biyu ba. Abin da ke sauyawa shi ne wanda ke ɗauke da shi: sarewa ce ta fara, wasu su karɓa bi da bi, ƙara tana hauhawa. Babu darasin da ya fi shi koya wa kunne muryar kowane kayan kiɗa.

Da wanne zan fara, kuma wanne zan ɗaga wa ƙafa tukuna?

Fara da kwancato, wato inda kayan kiɗa ɗaya ke gaba okestira na amsa masa. Shi ya fi kusa da tsarin mawaƙi da 'yan amshi. Kwancato huɗun nan na Vivaldi kan lokutan shekara, da aka buga a 1725, kowanne bai wuce minti 10 zuwa 12 ba, kashi uku: mai sauri, mai sanyi, mai sauri. Daga nan Brandenburg guda shida na Bach, sai kwancaton fiyano na Mozart, sannan simfonin Beethoven.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne faɗawa kan manyan ayyuka da wuri don an ji sunansu. Simfoni ta 3 ta Mahler ta haura minti 90. Wasan waƙe na Wagner kan ci awa huɗu. Ba su da laifi, amma ba a fara koyon iyo a tsakiyar kogi. Kuskure na biyu shi ne faifan nan na tsintar "mafi daɗi" da ke yanko minti uku-uku daga ko'ina; yana koya wa kunne jiran wurin da ya sani ya tsallake sauran.

Na nemi aiki ɗaya, sai na ga naɗi hamsin. Ba duk ɗaya ba ne? Lambobin nan kuma na mene ne?

Ba ɗaya ba ne. Takardar ce ɗaya, hannu daban. Misalin da ya fi fitowa fili shi ne Glenn Gould, makaɗin fiyano ɗan Kanada, da ya naɗi Goldberg na Bach sau biyu: na 1955 wajen minti 38, na 1981 wajen minti 51. Mutum ɗaya, aiki ɗaya, kuma har yau masoyansa sun rabu kan wanda ya fi. Saboda haka idan wani aiki bai yi maka ba, sauya makaɗi kafin ka yanke hukunci kan mai tsarawa.

Lambobin kuwa na tantancewa ne. "Op." lambar aiki ce bisa jerin bugawa, "K." ta ayyukan Mozart ce, "BWV" ta Bach. Haydn kaɗai yana da simfoni 104 masu lamba, don haka suna kawai ba ya isa wajen nema.

Rok ba hayaniya ba ce kawai?

Akwai ƙara, gaskiya ne, amma tsararriya ce. Abu uku ke riƙe da shi. Na farko bugun ganga: ƙidaya huɗu, babbar ganga ta ƙafa kan 1 da 3, ƙaramar mai tsartsar murya kan 2 da 4. Na biyu ɗan gajeren zagayen jita da ake maimaitawa, wanda waƙar duka ke zaune a kansa. Shahararren misali shi ne mabuɗin Smoke on the Water na Deep Purple, 1972. Na uku ita ce gurnanin jitar, wadda ke samuwa idan aka tura wa amfilifaya ƙarfin da ya wuce iyakarta, sautin ya daddare ya yi kaushi. Da farko aibi ne, daga baya aka mai da shi ado. Dalilin wannan kaushi ne ma makaɗan rok mai nauyi kan danna sauti biyu kacal maimakon uku ko huɗu, domin idan suka yi yawa cikin gurnani sai su cakuɗe su zama laka.

Ga mai jin Hausa akwai gajeriyar hanya. Jitar rok ta fi yawo kan tsani mai hawa biyar, wato jerin sauti biyar, irin wanda ya cika kaɗe-kaɗen Sahel. Shi ya sa jitar Abzinawa ta shige duniyar rok ba tare da ta sauya kamanninta ba. Bombino ɗan Agadez ya fitar da faifan Nomad a 2013, Mdou Moctar kuma Afrique Victime a 2021, dukkansu 'yan Nijar. Wanda kunnensa ya karɓi waɗannan, Jimi Hendrix, makaɗin jita ɗan Amurka, ba zai yi masa baƙunta ba. Haka Black Dog na Led Zeppelin, 1971: murya ta faɗi ita kaɗai, kayan kiɗa su amsa, ta sake faɗi, su sake amsawa.

Me ya sa waƙoƙin furog suke da tsawo haka?

Faifan garmaho na wancan zamani yana ɗaukar kimanin minti 20 zuwa 23 a kowane gefe, su kuwa makaɗan sai suka mai da gefe guda ma'auninsu. A 1972 kaɗai an samu uku da har yanzu ake auna saura da su. Close to the Edge na ƙungiyar Yes, kusan minti 19, sassa huɗu. Supper's Ready na Genesis, kusan minti 23, sassa bakwai. Thick as a Brick na Jethro Tull, waƙa ɗaya tak da ta cinye gefe biyu, kusan minti 44.

Hanyar saurarensu ita ce ta simfoni. Duba sunayen sassan tukuna, ka san gaɓoɓin. A ji na farko kada ka nemi fahimtar komai, lura kawai da inda yanayi ke juyawa. A na biyu ka nemi abin da ya dawo. A Supper's Ready, jigon soyayyar da aka buɗe da shi cikin sanyin jita shi ne ke dawowa gab da ƙarshe da cikakken ƙarfi, kuma minti ashirin ɗin da ke tsakani su ne suka ba shi nauyinsa. Idan ka tsallaka kai tsaye zuwa can, ba za ka ji komai ba.

A ganinmu tsawo ba shi ne cancanta ba. Faifan Yes na 1973, Tales from Topographic Oceans, waƙa huɗu ne a gefe huɗu, sama da minti 80, kuma akwai wuraren da kiɗan ke tafiya don a cika gefe ne kawai. Rick Wakeman, mai fiyano da ogan na ƙungiyar, bai ɓoye rashin gamsuwarsa da shi ba, ya kuma bar su a 1974. Kada sabon shiga ya fara da shi.

Ina jin ana cewa waƙa tana kan bakwai ko biyar. Yaya ake ƙidaya wannan?

Yawancin abin da ke tashi a rediyo kan huɗu yake: 1-2-3-4, a koma. Furog yana son ƙidayar da ba ta rabuwa biyu daidai, shi ya sa ƙafa kan ji kamar ta taka rami.

Gwada da Money na Pink Floyd, daga faifansu na 1973. Bi jitar bes, ka buga hannu a cinya daidai da tafiyarta, ka fara ƙirga daga sautin farko. Za ka kai bakwai kafin zagayen ya koma mafari. Idan bakwai a jere ta gagara, raba ta: huɗu da uku, ko uku da huɗu, kana ɗan ƙarfafa ɗayan kowane rukuni. Ci gaba da ƙirgawa har cikin busar saksofon, nan ma bakwai ce. Amma da jita ta karɓa sai ƙidaya ta koma huɗu, ka ji kiɗan ya saki jiki ya miƙe. Sauƙin da kake ji a daidai nan, bakwan da ta gabata ce ta haifar da shi.

Biyar kuwa uku da biyu ce. Living in the Past na Jethro Tull, 1969, a kanta yake. Kuma ba 'yan furog ne suka ƙirƙiro ba: kashi na biyu na simfoni ta 6 ta Tchaikovsky, 1893, kan biyar yake, haka Mars na Gustav Holst. Inda masu koyo ke tuntuɓe shi ne bin muryar mawaƙi, wadda ke shiga da fita yadda ta ga dama. Bes da ganga ake bi.

Idan ina son kilasikal, dole zan so furog? Ko akasin haka?

Ba dole ba, ko da yake gadar tana nan. Emerson, Lake & Palmer sun kaɗa Pictures at an Exhibition na Mussorgsky, aikin fiyano na 1874, da kayan rok a 1971. Yes sun daɗe suna buɗe wasanninsu da ƙarshen Firebird na Stravinsky. Deep Purple sun hau dandali da cikakkiyar okestira a Royal Albert Hall na Landan a 1969.

Masu tahowa daga kilasikal sukan koka cewa furog yana jera sassa ne kamar tsakiya a zare, ba ya tsiro da su daga iri ɗaya, kuma sau da yawa da gaskiyarsu. Masu tahowa daga rok kuma sukan ce okestira ba ta da bugun da ke riƙe jiki. Ga waɗannan, Bach ko Mozart ba su ne ƙofa ba. Su fara da The Rite of Spring na Stravinsky, wanda ya tada hatsaniya a zauren da aka fara nuna shi a Faris a 1913, ko Bartók, ko Shostakovich. Nan akwai duka, akwai kaushi, akwai ƙidaya mai karyewa.

Wani sauti nake ji a tsofaffin faifan furog, kamar goge amma yana rawa kamar daga mafarki. Mene ne?

Mellotron ke nan, kayan kiɗa mai maɓallai kamar fiyano. A ƙarƙashin kowane maɓallinsa akwai zaren kaset da aka naɗi goge ko sarewa ko muryoyi na gaske. Ka danna, zaren ya tafi na kimanin daƙiƙa takwas ya ƙare, sai ka ɗaga yatsa ya koma. Rashin daidaiton gudun zaren ne ke kawo wannan rawar murya. Nauyi gare shi, ga yawan lalacewa a hanya, amma sautinsa ya zama tambarin King Crimson da Genesis da Moody Blues.

Shin kilasikal ya fi rok daraja? An ce ma yana ƙara basira.

Maganar basira ta samo asali ne daga wani ɗan ƙaramin gwaji da aka wallafa a 1993: ɗaliban jami'a 36 suka saurari Mozart na minti goma, suka ɗan fi ƙoƙari a wani gwajin juya siffofi a ƙwaƙwalwa, tasirin kuma ya gushe cikin kusan kwata na awa. Ba a yi shi kan jarirai ba, bai kuma nuna ƙarin basira mai ɗorewa ba. 'Yan kasuwa ne suka kambama shi.

Batun daraja kuwa, kowanne da abin da ya ƙware a kai. Kilasikal ya fi kowa iya gina doguwar tafiya da saƙa muryoyi da yawa lokaci guda. Rok ya fi shi iya kama jiki nan take, da sa murya ɗaya ta zama ba ta da madadi. Waƙar rok ta minti biyu da rabi da ba ta da ɓara ta fi simfonin da aka cika da surutu. 'Yan pank na Ingila, masu gajerun waƙoƙin rok masu kaushi, wajen 1976 da 1977, da wannan hujja suka taso wa furog, suna cewa ya yi nisa da matasan titi. Sun rage masa kasuwa, amma bai mutu ba: Rush na Kanada sun fitar da 2112 a 1976, Marillion suka ɗauka a shekarun 1980, Dream Theater suka haɗa shi da rok mai nauyi a shekarun 1990.

Sau nawa zan saurari abu kafin in ce ba na son sa?

Shawararmu: uku zuwa biyar, a ranaku daban-daban, aƙalla ɗaya daga ciki ba ka yin komai sai sauraro. Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da nuna cewa sabo yana ƙara so, kuma kiɗa mai sarƙaƙiya ya fi buƙatar sa, tunda ba ka iya hango inda zai nufa sai ka san hanyar. Sananne ne kuma cewa abin da mutum ya ji a samartakarsa shi ya fi manne masa, don haka sabon salo a shekara arba'in yana son ƙarin haƙuri. Idan bayan ji biyar babu ko minti ɗaya da kake marmarin komawa gare shi, ajiye. Wata shekarar ka sake gwadawa.

Wayata ta isa, ko sai na sayi manyan kaya?

Wayar ta isa, sifikarta ce ba ta isa ba. Mafi ƙasan sautin jitar bes yana wajen girgiza 41 a daƙiƙa, sifikar waya kuwa ba ta iya fitar da abin da ya yi ƙasa haka. Ke nan ƙidayar da muka ce a bi a bes ba za ka ma ji ta ba. Iyafis mai toshe kunne, ko da mai araha ne, ya fi ta nesa ba kusa ba. Kuma a sa duka biyun: faifan shekarun 1960 da 1970 sukan ajiye jita a dama, ogan a hagu, wanda ya raba iyafis da abokinsa rabin waƙa kowannensu ke ji.

Kilasikal yana da tasa matsalar. Tazarar da ke tsakanin raɗarsa da tsawarsa babba ce. Kusa da janareto ko cikin mota, farkon Boléro ɓacewa yake yi. Ka ƙara murya don ka ji shi, ƙarshensa ya fasa maka kunne. Lokaci mai shiru yake so, dare ko bayan asuba.

Kashe tsarin nan mai cakuɗa jerin waƙoƙi, domin kashi-kashin simfoni a jere aka tsara su. Kunna kuma wanda ke hana gibi tsakanin waƙa da waƙa, in manhajarka tana da shi. Kashi na uku na simfoni ta 5 ta Beethoven yana zarcewa cikin na huɗu babu tsayawa, haka waƙoƙin faifan Pink Floyd na 1973. Shirun daƙiƙa biyu ko talla a nan ɓarna ce.

Wajen data: MP3 mai lamba 128 yana cin kusan megabait ɗaya a minti, mai 320 kuma kusan 2.4. Simfoni ta 9 ta Beethoven, wajen minti 70, za ta ci megabait 67 a na farko, 168 a na biyu. A ƙaramin naɗi, kuge da tafi da dogon jan goge ne ke fara lalacewa, su riƙa shuu kamar ruwa. Sauke sau ɗaya da inganci ya fi maimaita ja daga intanet, tunda sau biyar za ka ji.

Rok sai da ƙara yake daɗi. Ina iyaka?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ma'aunin babba a desibel 80 na awa 40 a mako. Duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu: 83 awa 20, 86 awa 10, 89 awa 5. Wasan rok a dandali kan haura 100, inda kason mako guda ke ƙarewa cikin mintoci. Ƙwayoyin ji na cikin kunne ba sa sake tsirowa idan sun mutu, kuma saututtukan sama ne ke fara tafiya, wato daidai inda kuge da ƙyallin goge suke. Riƙe muryar waya ƙasa da kashi 60 cikin 100. Idan wanda ke tsaye kusa da kai sai ya ɗaga murya kafin ka ji shi, ka wuce gona da iri. Idan kuwa ka cire iyafis ka ji kunne yana ƙara shi kaɗai, ba shi hutun kwana ɗaya ko biyu. In ƙarar ta ƙi tafiya, je asibiti wajen likitan kunne.